Dawar Kaka Tamada Bayan Gobara

Tungar Mati, ta hanyar Wara,
Ƙaramar Hukumar Ngaski,
Jihar Kebbi.
9 ga Afrilu.

Zuwa ga Yaya Murjanatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa ta ƙane ga yayarsa, tare da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Malam Ɗahiru da yara da duk mutanen Ibi da kuke zaman arziki da su. Allah ya ba ki sauƙin gwiwar nan da kika ce tana hana ki sakat, ya sa albarka a komar kamun kifin maigida, ya raya mana yaran nan rayuwa mai amfani. Mu nan mun gode Allah. Matata Safiya tana lafiya, tarin da yara suka kwasa saboda hayaƙi ya lafa, ƙaramar ce kawai har yanzu takan shaƙe da safe. Baba yana nan. Ido dai yadda kika bar shi ne, ba ya rarrabe komai sai haske da duhu, amma kunne sai dai a ce masha Allahu. Ko allura aka yar a bayan gida sai ya tambayi ta wa ce.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna, ni da rabona da riƙe biro tun ranar da na cika takardun makarantar yara. Kin san wayarmu ba ta kamawa sai a kan surin nan na bakin masallaci, kuma duk wanda ya hau surin nan da rabin gari yake magana, ba da mutum ɗaya ba. Sau uku na kira ki tun bayan gobarar, sau uku ina ce miki komai ya zo da sauƙi. Ba haka ba ne, Yaya. Shi ya sa da na ji Jabir direba zai kai albasa Wukari, na roƙe shi ya ƙarasa Ibi ya danƙa miki wannan hannu da hannu. Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba, don wata uku ke nan ina kewayawa har na gaji: irin dawar Kaka Tamada ya ƙone. Ba mu da ko ƙwaya ɗaya a garin nan, ga damina ta matso, jiya ma hadari ya taso ta kudu ya watse. Kuma kafin ki tsine wa wuta, ki dakata ki ji, don ba ita kaɗai ke da laifi ba. Ƙanenki ne ya kai mata.

Ba sai na tuna miki ko mece ce dawar nan a wurinmu ba, amma ni ina bukatar in tuna wa kaina. Tun muna ƙanana muke jin yadda ruwan madatsar Kainji ya ci tsohon gungunmu, tsibirin da su Baba ke zaune, aka ce kowa ya kwashi abin da zai iya, Baba yana saurayi yana tuƙa jirgi, mahaifiyarsa Kaka Tamada ta bar babbar tukunyarta a bakin gaɓa ta rungumo damin zangarniya a cikin zane kamar jinjiri. Har mukan yi dariya in Baba ya fara, mu riƙa ƙarasa masa labarin kafin ya kai. Dawar nan mai sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, wadda tsuntsu ke wahala kafin ya samu wurin dafawa, wadda ɗumamenta ya fi tuwon daren daɗi, da sunan Kaka ake kiranta har a Wara. Mutane sun bar ta da daɗewa, sun koma masara da gajeriyar dawar nan ta zamani, sai gidanmu da gidan Kawu Enoch ƙanen Inna kaɗai ke shuka ta. Shi ma Kawu bai taɓa ajiye iri ba, wurin Baba yake karɓa kowace shekara, don ya ce hannun Baba ya fi idon kowa. Gaskiyarsa ne kuwa. Ko da idon ya tafi, duk kaka sai an shimfiɗa masa tabarma an zube zangarniya a gabansa, ya bi su ɗaya-ɗaya yana shafawa yana aunawa a tafin hannu, ya ware na iri, a ɗaure, a rataye a ɗakin girkin Inna saman murhu, hayaƙi ya yi ta bugunsu har damina don kada ƙwari su taɓa.

To ga inda na shigo. Bara da albasa ta yi kyau, kaina ya kumbura, na ce matata ba za ta ƙara girki cikin bukkar da kunkunniya ke zubo mata a miya ba. Na rushe ɗakin girkin Inna, na gina na siminti, na buga kwano, har da silin fari tas. Baba bai hana ni ba, abin da ya ce kawai shi ne in bar wa iri wurinsa. Na ce an gama. Da kaka ta zo ya zaɓi irinsa kamar kullum, dami biyu cur, ya ce a rataye. Na ɗauko su na tsaya a ƙofar sabon kicin ina duban silin ɗin nan, sai na ji ba zan iya huda shi in kafa itace ba, balle a riƙa hura wutar kara a ciki yana baƙi. Safiya ta ce in kafa ɗan rumfa a gefe ta riƙa girkin rana a can, hayaƙin ya ishi irin. Na ce mata wannan aikin mutanen da ne, yanzu akwai maganin ƙwari na gari, a barbaɗa a ajiye a rumbu a huta. Ta ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce mata ni da furfura a gemu ba yaro ba ne, ta ce ai shi ya sa abin ya fi ban haushi. Na kai damin nan biyu rumbunmu na gona, na ɗora su can sama, na liƙe. Da Baba ya tambaya na ce suna shan hayaƙi. A raina na ce in damina ta kusa sai in ɗauko, wa zai sani.

Sai kuma ga zancen zagaye. Kin tuna yadda ake yi da an gama yankan dawa: a kira gayya, a sare ciyawa faɗin taku goma kewaye da rumbunan gona, a ƙone wurin da yamma lokacin da iska ta kwanta, ciyawa da sauran ɗanyenta, ta yadda ko wutar daji ta zo sai ta tarar ba abin da za ta ci ta tsaya. Bana ba a yi ba. Samarin da ke riƙe adda duk sun tafi ramukan zinari, sai mu masu ciwon baya. Aka sa rana, aka yi rasuwa. Aka sake sa rana, ta faɗo ranar kasuwar Wara. Aka ce bayan Kirsimeti, don mutanen Kawu su samu sukuni, bayan Kirsimeti kuma kowa ya faɗa fadama wajen dashen albasa. Ga shi ruwan sama ya yi yawa bara, gamba ta fi mutum tsawo, ta bushe ƙayau har tana ƙara in iska ta taɓa ta. Kawu Enoch ya bi gida-gida yana magana har aka fara yi masa laƙabi da sarkin ciyawa. Ni ma ina cikin masu dariyar.

Ranar Juma'a ce, mako na biyu na Janairu, ana tsakiyar huɗuba. Wata mata ce ta fara ƙwala ihu daga bakin rijiya, muka fito muka ga gabas ta yi baƙi ƙirin, rana ta koma ja kamar garwashi. Yaya, na sha ganin wutar daji, ke ma kin sha gani, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ba tafiya take yi ba, tsalle take yi. Iska na ɗaukar guntun ciyawa mai ci ta jefa gaba da nisa, wurin ya kama, kafin ka juya wani wurin ya kama. Ƙararta kamar manyan motoci sun jeru a kan gada. Shirwa sun cika sama suna cafkar fara, zomaye da gafiyoyi suna ratsa tsakanin ƙafafunmu ba su ko kula mu. Muka yanki ganye muka nufi rumbuna, amma ko kusa ba mu kai ba zafi ya kore mu. Kawu Enoch ne kaɗai ya kutsa don ya kwance shanun nomansa da ke ɗaure a gindin kirya, ya kwance su kuwa, amma hannayensa biyu sun sha wuta, har yau ba ya iya dunƙule na dama. Mata suka kwashi yara da tsofaffi suka yi bakin ruwa. Ni na goyi Baba har cikin jirgi, muka tura muka tsaya can ciki, jirage sun fi ashirin, toka tana sauka a kanmu, ga salati ga kukan yara, matan coci kuma suna addu'arsu a jirgin da ke gefenmu. Baba ya ce wannan ne karo na biyu da aka raba shi da gida a cikin jirgi, sai dai wancan karon shi ke riƙe da filafili. Daga inda nake ina hango rumbunan gona suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, na ƙirga har na zo kan namu.

Wutar ba ta shiga tsakiyar gari ba. Ta ci gidaje shida na gefen gabas, ta zo filin ƙwallo da masussuka ta rasa abin ci, ta karkata ta bi gefen tafki ta yi arewa. An ce sai da ta kwana uku tana ci, ta taɓa tungaye da dama kafin ta mutu. Ba a rasa rai a garinmu ba, wannan kam abin godiya ne. Amma rumbu talatin da huɗu sun tafi, abincin shekara ke nan na kusan kowane gida. Kaɗanyun da mata ke tsintar ƙwara sun babbake, ɗorawar nan ta bakin hanya da kike hawa Inna tana zaginki ta zama gawayi a tsaye, amyoyin zuma ko ɗaya bai tsira ba. Fulanin da ke zaune bayan dutse sun tashi, don ba abin da dabba za ta sa a baki. Waɗanda ɗakunansu suka ƙone sun rasa ko ciyawar da za su yi sabuwar jinka, suna kwana ƙarƙashin tamfol. Gida huɗu sun kwashe sun koma Yelwa wurin dangi. Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda zama ya lalace. Manoma sun ce makiyaya ne suka sa wutar don sabon tsiro, makiyaya sun ce masu farautar gafiya ne, wasu sun ce masu gawayi ne, wasu masu ɗibar zuma. Ba wanda ya gani da idonsa, amma kowa ya rantse. Mutanen da suka shekara talatin suna cin tuwo a akushi ɗaya yanzu sai su yi gaisuwa a tsaitsaye. Ni kuwa, don abin ya ƙara yi mini ciwo, sai yabo nake sha, ana cewa Arzika mai hangen nesa ne da ya buga kwano. Alhali bukkar girkin maƙwabtanmu ta ciyawa tana nan tsaye, ko tartsatsi bai taɓa ta ba. Da na bar ta Inna, da ita ma tana nan da abin da ke cikinta.

Washegari aka fara zuwa jaje. Baba yana zaune a kan buzunsa a zaure, duk wanda ya shigo yana kukan ya rasa abinci ya rasa iri, sai ya kama hannunsa ya ce ya kwantar da hankalinsa. Wai abinci kam sai haƙuri, amma iri yana nan, dami biyu na dawar Tamada suna rataye a hayaƙi, kuma da ruwa ya sauka kowane gida zai samu ko tafi ɗai-ɗai ne, Musulmi da Kirista da mai gargajiya, ba zai ware kowa ba. Wai ruwa bai ci ta ba, wuta ma ba ta ci ta ba, ashe Allah ya ajiye ta don rana irin wannan ne. Ina tsaye a bakin ƙofa ina zuba wa baƙi ruwa har na jiƙa wa liman riga. Na daɗe ban ga Baba da ƙarfi irin na makon nan ba. Mutumin da sai an lallashe shi yake cin loma uku, sai ga shi yana neman ƙari. Safiya ta dube ni, ban iya duban ta ba. Ranar ya kamata in durƙusa in faɗa masa. Na ce bari baƙi su ragu. Da baƙi suka ragu na ce bari in nemo wani tukuna, in ya so in haɗa laifi da magani in kai masa gaba ɗaya.

Tun daga ranar ban zauna ba. Na fara da tokar rumbu, na tankaɗe ta da rariya kamar mai neman zinari, na tsinci ƙwayoyin da ba su zama gawayi sarai ba, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na ɓoye bayan randa. Kwana bakwai ina buɗewa safe da yamma, ba abin da ya fito sai wari. Wadda muka kawo gida don ci, Safiya ta riga ta surfe ta, ba ta shukuwa. Ta Kawu tana cikin rumbunsa, rumbunsa kuwa yana jikin namu. Na koma gona inda muka zube dawa lokacin yanka, na riƙa jido ruwa a jarka daga tafki ina zubawa, ko Allah zai sa wadda ta kakkaɓe a ƙasa ta yi gyauro. Mako uku ina wannan, masu wucewa suna cewa gobara ta taɓa Arzika, yana ban ruwa ga toka. Ciyawa ce kawai ta fito. Na bi kasuwar Wara buhu-buhu, na je Yelwa, na shiga jirgi na bi tungayen tsallake inda aka ce akwai mutanen tsohon gungunmu. Kowa ya san sunanta, ba mai ita. A wajen Shanga aka kwatanta mini wata tsohuwa da aka ce ba ta taɓa barin shuka ta ba. Na same ta, ta yi murna har da hawaye da ta ji ni jikan Tamada ne, ta ce sun yi wasan gaɗa da ƙanwar Baba. Sannan ta ce shekara biyu ke nan da jikokinta suka daka mata irin suka yi kunu lokacin da take kwance asibiti, har ma tana shirin aiko wa Baba ya taimaka mata da zangarniya biyu.

A hanyar dawowa daga can ne Shaiɗan ya sake ba ni shawara, ni kuma na sake karɓa. Na tsaya kasuwar Yelwa na sami wata dawa mai ɗan lanƙwasar wuya, launinta ya yi kusa, na saye ta da zangarniyarta, na ɗaure dami biyu irin ɗaurin gidanmu. Na kafa rumfar nan da Safiya ta ce in kafa tun farko, na rataye su, na roƙe ta ta riƙa girki a ƙarƙashi da ɗanyen itace don su yi saurin yin baƙi. Ta yi, amma ta ce in sani ba don ni take yi ba, don tsohon nan ne, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Lissafina shi ne a raba wa mutane, su shuka, su samu abinci, dawa dai dawa ce, kafin ta fitar da kai a gane, wata biyar sun wuce, wataƙila na samo ta gaskiya. Kin ga yadda mutum ke zama in ya fara ƙarya. Ni da kaina da na kwanta sai in ji kunyar kaina, da gari ya waye kuma in je in ƙara itace.

Ranar Laraba da ta wuce, da aka fara jin ƙamshin ƙasa daga nesa, Baba ya ce a kawo masa irin ya duba kafin a fara rabo. Na shimfiɗa tabarma, na kwance dami ɗaya na zube a gabansa. Ya ɗauki zangarniya guda ya shinshina. Ya bi wuyanta da babban yatsa tun daga kara har inda ta lanƙwasa, ya sake bi. Ya auna ta a tafin hannu. Ya ɓalli ƙwaya ɗaya ya sa a baki, ya daɗe yana juya ta da ɗan abin da ya rage masa na haƙori. Ina durƙushe a gabansa, ina jiran ya ɗaga sanda ko ya kira sunana irin kiran da kika sani. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ajiye zangarniyar a hankali cikin 'yan'uwanta, ya ce ta sha hayaƙi da kyau, a gaishe da Safiya da aiki. Can sai ya tambaye ni kwana nawa mota ke yi daga nan zuwa Ibi.

Yaya, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Tun ranar bai ƙara ambaton iri ba. In mutane sun zo suna tambayar yaushe za a fara rabo, sai ya ce a ƙara haƙuri, ya juya fuska bango. Ya koma loma ukunsa. Kuma tun da ya ambaci Ibi abu ɗaya ke yawo a kaina. Shekara uku da suka wuce, da kika zo rasuwar Inna, ranar komawarki Baba ya ba ki zangarniya bakwai, kamar yadda ake ba kowace ɗiyar gidan nan in za ta yi nisa. Ni na raka ki tashar Yelwa. Kin tuna abin da na ce? Na ce mutane suna kai tsarabar atamfa ke kina kai kara, sai ka ce babu dawa a Taraba. Da yaran mota suka ce but ɗin bayan mota ya cika, ni na ciro ƙunshin na ce ki bar shi in mayar gida. Kika fizge, kika ce in kula da harkar gabana, kika ɗora shi a cinya. Haka motar ta tashi ina yi miki dariya ta taga. Shekara uku muna waya, ina tambayarki kifi, ina tambayarki gwiwa, ban taɓa tambayarki ko kin shuka ta ba. Ban san ko kina da wurin shuka a can ba. Ban san ko ƙasarku ta karɓe ta ba, ko kaji sun cinye, ko tana nan cikin ƙunshinta ta mutu. Yau duk duniya ba abin da nake son sani kamar wannan.

In kina da ita, don Allah, don darajar Inna, ki ba Jabir. Ba dami nake nema ba. Ko zangarniya ɗaya ce, ko cikin tafi ne, zan shuka ta a bayan gida in kewaye da ƙaya in yi gadinta kamar jariri, bana mu samu iri, baɗi a raba wa gari kamar yadda Baba ya yi alkawari, in Allah ya kai shi. Kada ki sussuke ta, ki bar ta a zangarniyarta don ya shafa wuyanta da hannunsa, ba zai yarda da ƙwaya tsura ba yanzu, kuma yana da gaskiya. Kada ki sa a leda, ki naɗe a tsohon zane. Na gaya wa Jabir ba a bayan mota za ta zauna ba, a gaba za ta zauna kusa da shi, ko a cinyarsa ne. Kwana biyu zai yi a Wukari yana sauke kaya, daga nan ya juyo, don haka ba lokacin dogon tunani. Mutanen gari kuwa, wannan ta kasuwa zan raba musu, amma da sunanta na gaskiya, in gaya musu daga inda ta fito da dalilin da ya sa. Sarkin ciyawa zai samu abin dariya, ya kuwa cancanta.

Ki gaishe mini da Malam Ɗahiru da kyau, ki ce masa ina neman afuwar rashin zuwa, zumunta a ƙafa take kuma ƙafata ta gaza. Ki shafa mini kan Aminu da Zulai'atu da ƙaramin da ban taɓa gani ba. Safiya tana gaishe ki, ta ce in rubuta cewa ta faɗa mini tun farko, ga shi na rubuta. Kawu Enoch yana gaishe ki, ya ce suna sa ku a addu'a, ku ma ku sa hannunsa a taku. Liman da matan gidansa suna gaisuwa.

Ɗazu ina tsakiyar rubutun nan a zaure, Baba ya ji ƙarar takarda. Bai tambayi wa nake rubuta wa ba. Cewa ya yi in gaishe da ɗiyarsa, in ce mata in tana da abin nan ta aiko, in kuwa babu, kada ta ji nauyi, kada kuma ta je kasuwa, ta faɗi babu kawai, wai ƙarya guda ta ishi gida guda. Don haka ko me ke nan, ki faɗa wa Jabir gaskiya. Ni ma da na ninke wannan takarda zan matsa kusa da buzunsa in faɗa masa abin da ya riga ya sani, tun daga silin har tsumman bayan randa, da bakina. Yana nan zaune, ya juyo da kunnensa wajena, yana jiran in ajiye biro.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanenki mai neman gafararku,
Arzika Mati.